Jagorar Sarrafa Matacin Hamonik Mai Ƙwaƙwalwa a Layin Lantarki

Wutar da ake rabawa a Najeriya da Nijar da Gana tana zagayawa sau 50 a sakan ɗaya, kuma ana so igiyarta ta hau ta sauka sumul, babu tudu babu kwari. Na'urorin zamani ba haka suke shan ta ba. Na'urar sarrafa gudun moto, injin walda, cajar batir, kwamfuta da fitilun LED duk suna da rektifaya a bakinsu, ita kuwa rektifaya a gutsure take jan karant: ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa. Tun 1822 Bafaranshe Joseph Fourier ya wallafa lissafin da ke nuna cewa igiya mai maimaita kanta, komai karkacewarta, tarin tsabtatattun igiyoyi ce. Akwai uwa mai zagaye 50, akwai kuma 'ya'ya masu ninkin wannan adadi. 'Ya'yan nan su ne hamonik. Su ke sa taransifoma zafi alhali lodinta bai cika ba, su ke kumbura kafasita, su ke faɗar da bireka ba a ga dalili ba.

Mataci mai ƙwaƙwalwa, wanda masu sana'a ke kira aktif filta, inbata ce da ake jonawa a gefen lodi. Takan auna karant ɗin da lodin ke ja, ta ware gurɓataccen ɓangaren, ta samar da shi da kanta, don kada taransifoma ko janareta su ba da komai sai tsabtatacciyar igiya. Gyugyi da Strycula na kamfanin Westinghouse a Amurka sun bayyana wannan tsari a 1976, amma sai da aka samu makunnan IGBT masu sauri da ƙananan kwamfutocin sarrafa sigina kafin ya zama kayan kasuwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: girman amfiyar da aka rubuta a jikin akwatin ba shi ne ingancin matacin ba. Ingancinsa yana ga lissafin da ƙwaƙwalwarsa ke yi, da kuma lokacin da amsar take fitowa. Amsar da ta yi daidai amma ta makara, ƙara gurɓata layi take yi.

Auna kafin ka zaɓi komai

A ɗaura na'urar nazarin ingancin wuta a babban allon rabawa, a bar ta ta kwashe cikakken zagayen aikin wurin, da rana da dare, da wutar gwamnati da ta janareta. Ƙa'idar IEC 61000-4-7 ta ce a layi mai zagaye 50 a riƙa ɗaukar zagaye 10 a kowane awo, wato milisakan 200. Abu huɗu ake nema: waɗanne hamonik ne suka fi yawa, amfiya nawa ne kowannensu, lodin a tsaye yake ko yana hawa da sauka, kuma boltej ɗin kansa yana da tsabta ko babu.

Nau'in lodi ne ke faɗa maka abin da za ka tarar. Rektifaya mai fes uku da diyod shida tana haifar da hamonik na 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka nan zuwa sama. A lissafin littafi na 5 yakan kai kashi 20 cikin 100 na uwar igiya, na 7 kashi 14, na 11 kashi 9, jimillar gurɓatar kuma, wadda ake kira THD, tana kusan kashi 31. A aikace, na'urar sarrafa moto da ba ta da koyil a bakinta takan zarce haka nesa ba kusa ba. Lodi mai fes ɗaya kuwa, irin na ofis da asibiti da otal, hamonik na 3 ne babban abin da yake haifarwa, mai zagaye 150. Wannan ba ya soke juna a wayar nutural, taruwa yake yi daga fes ukun, har nutural ta ɗauki abin da ya fi na kowace wayar fes. Mataci mai waya uku ba shi da hanyar taɓa shi, dole sai mai waya huɗu.

Mizanin da aka fi dogara da shi shi ne IEEE 519. A bugun 2014 ya iyakance gurɓatar boltej a kashi 8 ga layin da bai wuce bolt 1,000 ba, da kashi 5 ga layin da ya kama daga nan zuwa kilobolt 69. Iyakar karant kuwa ta dogara da ƙarfin layin: inda karant ɗin gajeren haɗi bai kai ninki 20 na babban lodi ba, kashi 5 ce kawai, inda layin ya fi ƙarfi iyakar takan sassauta har zuwa kashi 20. Ana gwada wannan da babban lodin wurin, domin idan injuna sun yi sanyi THD kan yi sama a kashi alhali amfiyar kaɗan ce. Girman mataci daga amfiya ake fitar da shi: lodi mai uwar igiya amfiya 400 da THD kashi 35 yana da amfiya 140 na hamonik, sai a ƙara rara a kai.

Kada a wuce akwatin kafasitocin gyaran fawa fakto ba a duba shi ba. Kafasita da koyil ɗin taransifoma suna da firikwensin da suke amsa wa juna kuwwa. Taransifoma mai kVA 1,000 da turjiyar kashi 5 tana da ƙarfin gajeren haɗi kusan kVA 20,000. Idan aka jona mata kafasita mai kvar 400, sai a raba 20,000 da 400 a samu 50, tushen murabba'in 50 kuwa ya ɗan haura 7. Ke nan amsa kuwwar ta faɗa daidai kan hamonik na 7. Babu lissafin da zai zaunar da mataci lafiya a irin wannan layi sai an sa wa kafasitocin koyil a jere, galibi na kashi 7, wanda ke sauko da firikwensin reshen zuwa wajen 189, ƙasa da hamonik na 5.

Ɗaukar sigina

Ƙwaƙwalwar matacin ba ta ganin waya, lambobi kawai take gani. Zoben awon karant da ma'aunin boltej su ke kawo sigina, na'urar mayar da sigina lamba kuma ta riƙa ɗaukar samfur, misali sau 10,000 a sakan. Dokar Nyquist da Shannon ta ce da wannan saurin ba za a ga komai da gaskiya ba sama da zagaye 5,000. Hamonik na 50 yana kan 2,500, don haka akwai sarari. Haɗarin yana zuwa daga sama: hayaniyar kunnawa da kashewar inbata da ke kan zagaye 9,750 za ta bayyana a lambobi tamkar zagaye 250, wato hamonik na 5 na ƙarya, matacin kuma ya duƙufa yaƙi da abin da babu shi. Maganin biyu ne. A sa ƙaramin matacin kariya kafin ɗaukar samfur, sannan a daidaita lokacin ɗaukar da ƙololuwa ko gindin igiyar da ke tuƙa makunnan, domin a daidai wannan lokaci karant yana kan matsakaicinsa.

A ɗauki dukkan tashoshi a lokaci guda. Tazarar maikrosakan 10 tsakanin samfurin wannan fes da na wancan ba komai ba ce ga uwar igiya, amma a hamonik na 13 ta haura digiri 2. Zoben awo ma yana da nasa kuskuren kusurwa, kuma zoben da aka saya don mitar biyan kuɗi ba lallai ne ya riƙe gaskiya har zagaye 2,500 ba. Wurin ɗaura shi shi ma hukunci ne. A gefen lodi, matacin yana ganin abin da zai soke kai tsaye, yana da sauri, amma ba ya ganin sakamakon aikinsa. A gefen taransifoma, yana ganin abin da ya rage yana ta gyarawa, ya fi daidaito, amma yana bukatar saiti na hankali don kada ya yi ta rawa.

Kama kusurwar layi

Kusan duk hanyoyin da ke tafe suna bukatar sanin inda igiyar boltej take a zagayenta a kowane lokaci. Wannan aikin mabiyin kusurwa ne, wanda aka sani da PLL. Nau'in da aka fi amfani da shi yana juya boltej ukun zuwa ɓangarori biyu a ma'auni mai juyawa, ya riƙa gyara saurin juyawarsa har ɗaya daga ɓangarorin biyu ya zama sifiri. A layi mai tsabta wannan ya wadatar. Idan fes ukun ba su daidaita ba, rawa mai zagaye 100 takan shiga kusurwar. Idan boltej na ɗauke da hamonik na 5 da na 7, rawa mai zagaye 300 ce ke shiga. Duk rawar da ta shiga kusurwa kuwa sai ta fito a karant ɗin da matacin ke turawa.

Rage saurin mabiyin yana danne rawar, amma sai ya zama mai nawa wajen bin sauyin firikwensi. A nan ne yanayinmu ya bambanta da na ƙasashen da aka ƙera yawancin na'urorin. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, kamar takwarorinsu a wasu garuruwa, suna sauyawa tsakanin wutar layi da janaretan dizal. Janareta yana da turjiyar ciki da ta fi ta taransifoma mai girmansa, don haka hamonik iri ɗaya ya fi karkatar da boltej a kansa, firikwensinsa kuma yakan yi ƙasa ya dawo duk lokacin da babban moto ya tashi. Mabiyin da ya dace da irin wannan wuri shi ne wanda yake fara ware tsabtataccen ɓangaren boltej mai juyawa gaba kafin ya bi kusurwa, kamar tsarin DSOGI da na DDSRF da Pedro Rodríguez da abokan aikinsa suka fitar a tsakiyar shekarun 2000, ko wanda aka sa wa matsakaici mai tafiya a cikinsa. Tagar matsakaicin kuma ta riƙa faɗaɗa da ƙanƙancewa tare da firikwensin da aka auna.

Hanya ta farko: lissafin ƙarfin nan take

A 1983 Hirofumi Akagi da Yoshihira Kanazawa da Akira Nabae na Japan suka gabatar da abin da ake kira ka'idar p-q. Matakanta huɗu ne. Da farko a mayar da boltej uku da karant uku zuwa ɓangarori biyu, alfa da beta, da lissafin da ke ɗauke da sunan Edith Clarke, injiniyar kamfanin General Electric. Na biyu a lissafa p, ƙarfin da ke tafiya daga tushe zuwa lodi, da q, ƙarfin da ke kai-komo tsakanin fes ba tare da ya yi aiki ba. Na uku a raba p gida biyu: tsayayyen ɓangare, wanda shi ne aikin gaske da ake so layi ya ba da, da ɓangare mai rawa, wanda hamonik suka haifar. Na huɗu a ɗauki ɓangaren p mai rawa, a haɗa da q gaba ɗayansa idan ana so a gyara fawa fakto ma, a juya lissafin baya, sai umarnin karant na fes uku ya fito.

Kyawun hanyar shi ne sauƙi da sauri: ninkawa da tarawa ne kawai, babu jiran zagaye ya cika. Rauninta kuma a bayyane yake, domin boltej na cikin lissafin. Idan boltej ya karkace, tsayayyen p zai bukaci karant da ba tsabtatacce ba, sai matacin ya bar layi da gurɓata yana ganin ya gama aiki. A kan janareta ko a ƙarshen dogon layin kilobolt 11, kada a ba wannan lissafi ɗanyen boltej. A ba shi tsabtataccen da mabiyin kusurwa ya gina.

Hanya ta biyu: ma'auni mai juyawa

Wannan ta tsaya kan lissafin da Robert Park ya wallafa a 1929 don nazarin injinan lantarki. Motoci biyu da ke gudu ɗaya a kan hanyar Kano zuwa Zariya, fasinjan kowace yana ganin ɗayar kamar a tsaye take, sai masu wucewa da masu tahowa ne ke motsi a idonsa. Haka ma'aunin d-q yake: yana juyawa da saurin uwar igiya, don haka uwar ta zama tsayayyar lamba, hamonik kuma su zama rawa a kanta. Na 7 yana juyawa gaba, sai a gan shi da ninki 6. Na 5 baya yake juyawa, shi ya sa yake ja wa moto birki yana ƙara masa zafi, shi ma sai a gan shi da ninki 6. Dukansu biyu sun taru a zagaye 300, na 11 da na 13 kuma a 600.

Abin da ya rage shi ne raba tsayayye da mai rawa, kuma a nan gwaninta take. Matacin Butterworth mai daraja biyu da aka yanke a zagaye 25 yana rage rawar 300 kusan sau 144, amma idan lodi ya sauya yakan ɗauki zagaye biyu ko fiye kafin ya zauna, a wannan tsakanin kuwa kafasitan da ke bayan inbatar matacin ne ke biyan bambancin ƙarfi. Matsakaici mai tafiya ya fi shi tsabta. Taga mai faɗin sudusin zagaye, milisakan 3.33, tana shafe 300 da 600 da ninkinsu gaba ɗaya, kuma cikin wannan ɗan lokaci take zama. Idan lodin bai daidaita tsakanin fes ba, rawa mai zagaye 100 za ta bayyana, sai a faɗaɗa tagar zuwa rabin zagaye, milisakan 10. Dabara ɗaya mai muhimmanci: kada a yi ƙoƙarin tace hamonik kai tsaye. A fitar da tsayayyen ɓangaren, a debe shi daga ainihin siginar, ragowar ita ce hamonik. Ta haka jinkirin tacewa yana faɗawa kan lambar da ba ta motsi, hamonik su wuce da kusurwarsu ba a taɓa ba. Tunda boltej ba ya shiga lissafin sai ta hanyar kusurwa, wannan hanya ta fi p-q jure gurɓataccen layi, muddin mabiyin kusurwar nagari ne.

Hanya ta uku: Fourier

Hanyoyi biyun farko suna kwaso hamonik a dunƙule. Wani lokaci kuwa zaɓe ake so: a soke na 5 gaba ɗaya, na 7 rabi, a ƙyale na 11 domin akwai matacin kafasita da koyil da ke kula da shi. Lissafin Fourier ne ke ba da wannan dama, domin yana fitar da girma da kusurwar kowane hamonik daban. Hanyar FFT da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965 tana lissafa duka a tashi ɗaya, amma mataci ba ya bukatar duka. An fi amfani da taga mai zamewa: da zarar sabon samfur ya shigo, a ƙara gudummawarsa, a cire ta wanda ya cika zagaye guda, ga hamonik ɗin da aka zaɓa kawai. Da samfur 12,800 a sakan, zagaye ɗaya yana da samfur 256 cif.

Farashin shi ne jiran zagaye guda, milisakan 20, kafin amsa ta cika bayan sauyin lodi. Sharaɗin kuma shi ne tagar ta yi daidai da zagaye. Idan firikwensi ya sauka zuwa 49, zagaye ya zama milisakan 20.4, tagar ta gaza, sai uwar igiya ta yi yoyo cikin gurbin hamonik. Don haka mabiyin kusurwa ne ya kamata ya riƙa tsara lokacin ɗaukar samfur, yadda 256 za su cika zagaye ko firikwensi ya hau ko ya sauka. Taga mai zamewa tana kuma tara ƙananan kurakuran lissafi sannu a hankali, sai a riƙa sabunta ta daga tushe lokaci-lokaci.

Hanyoyi masu koyo

Akwai rukuni na huɗu da ke gyara kansa yana tafiya. Ƙa'idar LMS da Bernard Widrow da Ted Hoff suka fitar a Jami'ar Stanford a 1960 tana ɗaukar igiyoyin sain da kosain daga mabiyin kusurwa, ta riƙa gyara nauyinsu a kowane samfur har haɗinsu ya yi kama da uwar igiyar lodi, ragowar ta zama umarni. Lamba ɗaya ce ke mulkinta, girman taku: babba ya ba da sauri da rawa, ƙarami ya ba da tsabta da nawa. Matacin Rudolf Kalman, shi ma na 1960, ya fi iya aiki cikin hayaniya amma ya fi cin lissafi, kuma yana bukatar a san yanayin hayaniyar. Waɗannan suna da amfani ga lodi irin tanderun narka ƙarfe, wanda ke haifar da firikwensin da ba ninkin 50 ba. Ga masana'antar roba ko ta niƙa mai na'urorin sarrafa moto, d-q ko Fourier sun isa.

Jinkiri

Ga lissafin da ya kamata kowane injiniya ya yi da hannunsa. Kwamfutar matacin tana ɗaukar samfur, ta yi lissafi, ta fitar da umarni a samfur na gaba, makunnan kuma su ƙara kusan rabin samfur. Jimilla samfur ɗaya da rabi, wato maikrosakan 150 idan ana ɗauka sau 10,000 a sakan. Ga uwar igiya wannan digiri 2.7 ne. Ga hamonik na 5 digiri 13.5 ne, ga na 13 digiri 35. Idan aka debe igiyoyi biyu masu girma ɗaya da ke da saɓanin kusurwa, abin da ya rage shi ne ninki biyu na sain ɗin rabin kusurwar. Ke nan kusan kashi 24 na hamonik na 5 zai tsira, kashi 60 na na 13 zai tsira. A digiri 60 ragowar ta yi daidai da asalin, matacin bai rage komai ba, kuma da wannan jinkiri ana kai wa nan a wajen zagaye 1,100. Daga hamonik na 23 zuwa sama, ƙara su yake yi.

Shi ya sa zaɓaɓɓiyar hanya take yawan doke ta dunƙule a awon ƙarshe duk da nawarta. Wanda ya san kusurwar kowane hamonik daban yana iya tura kowanne gaba da daidai digirin da jinkiri zai ci. A hanyar dunƙule kuma ana iya amfani da maimaituwar lodi: a ɗauki samfurin zagayen da ya wuce, a karanto shi gaba da taku biyu, a yi amfani da shi a matsayin hasashe. Wannan yana aiki matuƙar lodin bai sauya ba tsakanin zagaye da zagaye.

Bin umarni da riƙon kafasita

Umarni ya fito, saura inbata ta bi shi. Hanya mafi sauƙi ita ce shata iyaka sama da ƙasa da umarnin, makunni ya juya duk lokacin da karant ya taɓa iyaka. Tana da sauri, amma firikwensin kunnawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da ke wahalar da tace hayaniyarsa. Mai sarrafawa na PI yana da kyau ga tsayayyar lamba, ga zagaye 300 da 600 kuwa yakan gaza. Abin da ke aiki shi ne ƙa'idar da Francis da Wonham suka tabbatar a 1976: mai sarrafawa ba zai bi sigina ba tare da kuskure ba sai yana ɗauke da samfurin siginar a cikinsa. A aikace ana jera masu amsa kuwwa, kowanne a kan firikwensin da ake so. A ma'aunin d-q guda ɗaya a 300 yana kama na 5 da na 7 tare, wani a 600 ya kama na 11 da na 13. Mai sarrafawa na maimaici yana yin irin wannan ga dukkan hamonik ta hanyar tuna kuskuren zagayen baya. Dukansu dole su bi firikwensin da aka auna, in ba haka ba a kan janareta za su yi ta jira a inda hamonik ba ya nan.

Kafasitan da ke bayan inbata shi ne rumbunta. A layin bolt 415 ƙololuwar boltej tsakanin fes biyu tana kusan 587, don haka akan riƙe kafasitan a tsakanin 700 da 800, domin rarar ce ke tura karant cikin koyil da saurin da gefen igiyar rektifaya ke bukata. Mai kula da wannan boltej yana ƙara ɗan karant na uwar igiya a umarni don biyan asarar makunnai. A sa shi ya zama mai nawa da gangan, a kuma tace awonsa, domin rawar 300 da ke kan kafasitan alamar aiki ce, idan ya yi ƙoƙarin danne ta sai ya mayar da hamonik cikin umarni. Idan kuma lodi ya nemi fiye da ƙarfin matacin, a rage umarnin gaba ɗaya daidai gwargwado, ko a bar manyan lambobin hamonik a riƙe na 5 da na 7. Datse kan igiya sababbin hamonik yake haifarwa.

Zaɓi da ranar kunnawa

Layi mai ƙarfi da lodi mai saurin sauyawa, kamar injin walda ko injin ɗaga kaya, d-q da gajeriyar taga ya dace da shi. Lodi mai natsuwa a wurin da ke da kafasitoci ko tsofaffin matatai, zaɓaɓɓiyar hanyar Fourier. Gini mai lodin fes ɗaya, mataci mai waya huɗu. Duk inda janareta yake, mabiyin kusurwa mai ware tsabtataccen boltej wajibi ne, kowace hanya aka bi.

Ranar kunnawa, a fara da matacin yana awo ba ya turawa. A tabbatar kowane zobe yana kan fes ɗinsa kuma fuskarsa daidai take, domin zoben da aka juya yana sa matacin ninka hamonik maimakon soke shi. A tabbatar zoben gefen lodi ba ya ganin karant ɗin kafasitocin fawa fakto. Sannan a kunna na 5 kaɗai da rabin ƙarfi, a duba awo, a ƙara, a shigo da na 7, haka har sama, a tsaya a inda ƙari ya daina rage gurɓata. Za a iya ganin hamonik ɗin lodi ya ƙaru bayan kunnawa: rektifaya mai kafasita takan ƙara zuƙa idan boltej ya gyaru. Koyil na kashi 3 zuwa 5 a bakin kowace na'urar sarrafa moto yana magance wannan, yana kuma rage girman matacin da ake bukata tun farko. A maimaita gwajin duka a kan janareta, a tayar da moto mafi girma ana kallon yadda matacin zai bi. A kula da iska da tsabtar ɗakin, domin zafin bazara da ƙurar hunturu suna rage amfiyar da makunnan za su iya bayarwa.

Kafin a biya kuɗi, a yi wa mai sayarwa tambaya uku: nawa ne jinkirin na'urar daga awo zuwa fitar karant kuma yaya take rama shi, tsakanin wane firikwensi da wane take riƙe aikinta, kuma ana iya zaɓar hamonik ɗaya-ɗaya a saita kusurwarsa? Wanda ya amsa su da lambobi ya san abin da yake sayarwa. A rubuta sakamakon da ake so cikin yarjejeniya, da wurin da za a auna shi da lodin da za a auna a kai, a wutar layi da ta janareta, kuma kada a sa hannu a takardar karɓa sai na'urar awo ta nuna shi.